Yadda Za Ki Gama Rigar Sanyi Kafin Mai Ita Ya Fi Ƙarfinta

Ki fara tun da damina. Na san zai yi miki banbaraƙwai a ce ana tsakiyar Agusta, ruwa na zuba ta indararo, ke kuma kina zaune da dunƙulen ulu a cinya, amma lissafin a fili yake. Hunturu yakan sauko wajen ƙarshen Nuwamba, sanyin da ke ratsa ƙashi na Disamba ne da Janairu, kafin Maris ya ƙare kuwa kowa ya koma neman mafici. Matar da ta jira sai leɓenta ya fara tsagewa sannan ta aika a sayo zare, ranar da za ta gama rigar ana tsakiyar cin mangwaro. A gidan da babu kowa, rigar jariri aikin mako ɗaya ce ko biyu. A gidan da akwai maigida, da 'yan makaranta, da mai rarrafe, da Hajiya surukarki, da baƙin da sai dai ki ji sallamarsu a zaure, ki ba kanki wata biyu, kuma kada ki ji kunyar hakan.

Abokin tserenki na gaskiya shi ne wanda kike yi wa saƙar, domin shi ba ya hutawa. Jariri yakan zo duniya da tsawon kusan santimita 50, kafin ya shekara ya ƙara wajen 25, nauyinsa kuma yakan ninka tun yana wata biyar ko shida. Ke kina ajiye tsinke ki tuƙa tuwo, shi ko barci yake yi girma yake. Saboda haka ki auna shi yau, ki saƙa wa yaron da zai zama nan da wata uku. Hannun riga in ya yi tsawo ana naɗe shi, har ya ƙara wa yaro kyau, amma wanda ya gaza ba shi da magani. Ki kula da wuya musamman. Kan jariri sabon haihuwa yakan kai santimita 35 a kewaye, ya fi yadda ido ke zato, kuma babu kukan da ya kai na yaron da kansa ya maƙale a wuyan riga. Ki yi mai buɗaɗɗen gaba, ko ki bar tsaga a kafaɗa. Kafin ki ɗora rigar kanta, ki saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 10, ki ƙirga idanun da suka shiga ciki, don hannun kowace mace da irin tsaurinsa. Wata tana matse zare, wata tana sake shi, har ke ɗin ma hannunki na ranar da aka ɓata miki rai ba ɗaya yake da na ranar da aka biya ki adashi ba.

Wajen sayen zare, ko a Sabon Gari kike saye a Kano, ko a Taminus a Jos, ko a kasuwar Maraɗi, ki sayi duk abin da aikin zai ci a rana ɗaya, har da ƙarin dunƙule guda. Ana rina ulu ne tukunya-tukunya a masana'anta, kuma launi ɗaya daga rini biyu yakan bambanta kaɗan. A cikin shago ba za ki gani ba, sai ranar da yaro ya fito tsakar gida a rana, sannan hannu ɗaya ya nuna ya fi ɗan'uwansa duhu. Wasu kamfanoni suna buga lambar rinin a takardar da ke jikin dunƙulen, ki duba ta zo ɗaya. In kuwa Abban yara za ki aika, ki yanko ɗan guntun zaren ki ɗaura masa a jikin makullin babur ko na mota. Kada ki ce masa "shuɗi" kawai. A wurinsa, daga launin sararin sama har na turmin Ƙofar Mata duk shuɗi ne, kuma da kyakkyawar niyya zai kawo miki wanda mai shago ya fara miƙo masa.

Yanzu ga shawarar da ta fi kowacce nauyi: muddin akwai mai rarrafe a gidan, ki fi karkata ga kwarashi. Mai saƙa da tsinkaye biyu tana riƙe da idanu 60 ko 80 a buɗe a kan tsinke ɗaya, kowanne yana jiran a zare tsinken ya zube. Mai kwarashi ido ɗaya tak take riƙe da shi. Ki duba yadda abin ke faruwa. Kin ajiye saƙa a kan tabarma, kin je ki rage wa miya wuta. Shi kuma tun ɗazu yana kallon waɗannan dogayen abubuwa masu ƙyalli da Umma ta fi ba su hankali a kansa. Sai ya rarrafo, ya zauna daɓas, ya kama kan tsinke da hannu biyu, ya ja a hankali har ya fito sumul, ya ɗaga miki shi yana dariya da haƙoransa biyu, yana jiran ki yaba masa. Ba ɓarna ya nufa ba, taimako ya kawo. Ki fara karɓe tsinken, don tsininsa haɗari ne ga idonsa da bakinsa, sannan ki ɗauke shi ki sumbace shi. Bayan haka, kada ki ɗaga saƙar sama. Ki shimfiɗa ta a ƙasa, ki samo tsinken da ya fi naki siranta, ki bi idanun ɗaya bayan ɗaya kina tsintowa, wanda ya zurma ƙasa kuma ki jawo shi da kwarashi. Da a ce da kwarashi kike aikin tun farko, fil mai makulli guda ɗaya da kika soka a idon ƙarshe ya raba gardama. In dai sai tsinkaye zuciyarki ke so, kuma lallai saƙarsu ta fi laushi da miƙewa a jikin jariri, to ki tura aikin can ƙasan tsinke, ki naɗa robar ɗaure kuɗi a bakinsa duk lokacin da za ki tashi, ki kuma ɗora shi inda ɗan hannun nan ba ya kaiwa.

Ki riƙe aiki biyu a lokaci ɗaya, na rana da na dare. Na rana shi ne miƙaƙƙe wanda hannu ke yi shi kaɗai, wanda za ki iya yi kina sauraron hadda, kina raba faɗa a kan wa ya fara taɓa wa, kina amsa wa mai tallan awara. Mai ado da ƙirga ki bar shi sai bayan isha'i, in yara sun kwanta. Zare mai duhu kuma na rana ne, don in aka ɗauke wuta ba za ki ga idon baƙin ulu da fitilar waya ba, sai ciwon kai. Wajen ƙirga layi, yara suna da wata baiwa: da zarar sun ga leɓenki na motsi, a lokacin ne suke tuna tambayar lissafin da malam ya ba su, su jefo miki "bakwai sau takwas" a tsakiyar ƙirgarki. Maganin wannan ƙwallon dabino ne da gwangwani biyu. Duk layin da kika gama, ki ɗauki ɗaya daga nan ki jefa can. Kada ki yi da wake in kuna kiwon kaji.

Akwai jimlar da duk gidan zai haddace: "Bari in kai ƙarshen layi." Ki koya musu ita da wuri, domin saƙar da aka ajiye a tsakiyar layi tana barin alama, wani lokaci ma ki dawo ki juya ta baya ba ki sani ba. Maigida zai iya jiran ƙarshen layi. Mai neman biro zai iya. Kiran sallah, da kukan jariri, da madarar da ke kan wuta, da Hajiya in ta ce "Ke 'yar nan, zo mana," waɗannan ba sa jira.

Ƙurar hunturu ba ta san farin ulu ba. Ki samo roba mai murfi, ki huda murfin, ki jefa dunƙulen a ciki ki zaro bakin zaren ta hudar, kin huta da ƙura, da kyanwa, da dunƙulen da ke gangarawa ƙarƙashin gado. Kada dai ki zaɓi gwangwanin da aka taɓa zuba alewa ko cincin, don za a buɗe shi sau goma a wuni cikin kyakkyawan fata. Kaushin hannu yana kama zare ya tsittsinke shi, saboda haka ki shafa man kaɗanya da dare, ba dab da ɗaukar saƙa ba. Ranar da aka ci miyar manja kuwa, sabulu sau biyu.

Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, kuma a saƙa ma haka ne, in kin san aikin da za ki ba kowane hannu. Yara suna son naɗe zare, kuma wanda ya naɗe dunƙule da kansa shi ne zai fi kowa tsare shi daga ƙaninsa. Yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas ta isa ta koyi sarƙa da kwarashi mai kauri. Za ta yi miki sarƙa mai tsawon da zai kewaye ɗaki, ki yaba mata da gaske, domin daga nan kowa ya fara. In namiji ne ya matso yana leƙe, shi ma ki ba shi, a ƙasar da maza suka daɗe suna saƙar tufa da ɗinkin hula babu abin mamaki a ciki. Ita kuwa Hajiya, shawarata ki fara da ita. Kafin rigar jika, ki saƙa mata safa mai kauri. Ƙafar tsoho tana jin sanyin asuba fiye da ta kowa, bare bayan alwala, kuma yanzu azumi yana ta matsowa cikin hunturu da kwana 10 ko 11 duk shekara, a 2030 ma a farkon Janairu zai kama. Matar da ta tashi sahur da ɗumi a ƙafarta ba za ta manta wanda ya saƙa ba. Daga ranar, duk wanda ya kira ki a tsakiyar layi, za ki ji muryarta daga ɗaki: "Ku bar ta ta ƙarasa mana!" Abu ɗaya dai game da safa: da kin gama ƙafa ɗaya, ki ɗora ta biyu a wannan zaman, ko da layi uku ne. Safa ta biyu ita ce aikin da aka fi mantawa a ƙasan jaka.

Da zarar yaro ya fita unguwa da rigar, za a fara zuwa. "Maman yara, don Allah ki ɗan yi min irinta, ai ke ba wuya a wurinki." Ki yi murmushi ki faɗi gaskiya: ga yawan zaren da ta ci, ga makonnin da ta ɗauka. Wadda kike so ki yi wa kyauta ki yi mata da zuciya ɗaya, sauran kuma ki faɗi kuɗin aikinki ba tare da sunkuyar da kai ba. Mata da yawa da wannan sana'a suke sayen littafin makaranta da zubin adashi, kuma duk wadda ta yi aikin wata guda a kuɗin zare kaɗai ta karya wa 'yan'uwanta kasuwa. Haka nan in aka aiko miki an haihu, ki tuna kwana bakwai ne zuwa suna. Sun isa hula da safa. Shawul kuwa ki yi alkawarinsa zuwa arba'in, mai jego za ta fi jin daɗin wanda aka gama da kyau.

Nan kuma ki saurara da kyau, don lafiyar yaro ce. Yawancin ulun da ke kasuwanninmu na roba ne. Yana da araha, yana jure wanki, amma yana narkewa in ya ji wuta, saboda haka yaron da ke sanye da shi kada ya matsa kusa da kaskon garwashi ko murhu, kuma dutsen guga mai zafi kada ya taɓa shi. Ulun tumaki na gaske shi kuma ruwan zafi da cuɗa ne ke tsuke shi. Duka biyun, ruwa mai ɗan ɗumi, matsa a hankali, a shanya a kwance a kan tawul, don in aka rataye a igiya rigar tsawo take yi. Maɓalli ki ɗinke shi da ƙarfi ki riƙa gwada shi, domin duk abin da ya cire bakin yaro ya nufa. Kada ki sa igiya a wuyan riga ko a hula. Ki juya safa ki duba cikinta, zaren da ya yi lilo yana iya naɗe ɗan yatsan jariri ya hana jini gudu. In rana ta ɗaga kuma, a rage masa kaya. Ki taɓa bayan wuyansa, in da gumi a cire hular, kome kyanta, kuma kada a kwantar da shi barci da ita a cikin ɗaki.

Saura aikin da kowa ke ƙi: haɗa gaba da baya, ɗinka hannuwa, da cusa bakin zaren da ke reto ta ko'ina. Ki ware masa yamma guda, ki sa babbar 'yarki ta riƙa zura miki zare a allura, ku yi hira har ku gama. In rigar ta yi shekararta, ƙani ya gada. In babu ƙani a kusa, ki warware ta. Zaren zai fito a nannaɗe kamar taliyar Indomie, amma in kika naɗe shi sako-sako a bayan kujera, kika ɗaure, kika jiƙa, kika shanya a inuwa, zai miƙe ya isa hula biyu. Guntayen da suka rage kuma kada ki zubar. Ki tara su a leda ki miƙa wa mai koyon sarƙa, don 'yar tsanarta ta daɗe tana jiran a auna ta.