Ma'aikatan Laburaren Jami'a da Hanyoyinsu na Jin Labari

Kowane ma'aikacin laburare a jami'a zai rantse maka yana tafiya da zamani, amma kowa da irin takunsa.

Na farko shi ne Ɗan Taro. Tun 1962 aka kafa NLA, ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Nijeriya, amma in yana ba da labarin tarukanta sai ka ɗauka a falonsa aka kafa ta. Jakunkunan taro sun cika masa ofis. Tambaye shi me aka tattauna, sai ya ce masaukin ba laifi, miyar ce dai gishiri ya yi mata yawa. Addu'arsa kullum hukumar tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ta biya masa kuɗin jirgi zuwa taron IFLA, ƙungiyar laburare ta duniya.

Sai Hajiya Mai Turawa. Kafin liman ya sallame asuba ta cika zauren WhatsApp na ma'aikata: sanarwar bita, guraben ƙaro ilimi, maganin hawan jini. Ko ɗaya ba ta buɗe ba. Bitar da ta turo jiya, bara aka yi ta.

Akwai Baba Na Kati, wanda ya haddace tsarin jera littattafai na Laburaren Majalisar Amurka kamar karatun allo. In aka ce masa a ƙa'idojin rajistar littattafai RDA ta maye gurbin AACR2, sai ya gyara tabarau ya ce, "Yaro, littafin dai yana kan kanta ko?" Abin haushi, ranar da aka ɗauke wuta manhajar laburare ta Koha ta yi shiru, ƙofarsa kowa ke layi.

Ga Ɗan Zoom, taro uku a lokaci guda, kyamara a rufe, shi kuwa yana fama da ɗanwake. Ba ya motsi sai an ce a rubuta suna don satifiket, tunda kwamitin ƙarin girma takarda yake ƙirgawa.

Ta ƙarshe ba ta da laƙabi, don ba a cika lura da ita ba. Takan karanta mujallun sana'a, in abu ya shige mata duhu ta kira takwararta a Laburaren Kashim Ibrahim na Zariya ta ce, "Yaya, ku ya kuka yi da wannan?" Washegari ta koya wa na ƙasa da ita. Duk ranar da shugaban jami'a ya aiko da tambaya mai wuya, ita ake nema ta rubuta amsa, maigidan ofis ya sa hannu, a majalisar jami'a kuma a jinjina masa.