Baƙin Agadas Kala-Kala

Da zarar damina ta fara ja da baya, Agadas takan shiga shirin baƙi. A watan Satumba makiyaya kan haɗu a Ingal don bikin lasar gishiri, idan sanyi ya kankama a yi bikin Abzin a Iferwan, shi kuwa Biyanu yana bin watan Musulunci ne, ya ƙare wajen Ashura. Tun tawayen Abzinawa na 2007 Turawa suka ja jiki, amma 'yan kallo ba su yanke ba, daga Damagaram, Maraɗi, Yamai, Katsina da Kano. Abin da baƙo bai sani ba shi ne, yana kallon gari, gari ma yana kallonsa. Direbobi da maƙeran azurfa da yaran tsohon gari sun daɗe da raba baƙi gida-gida, kafin mutum ya sauke jakarsa sun san layinsa.

Akwai Sai-na-hau. Yawanci babban mutum ne mai tumbi, wanda a gidansa bene hawa ɗaya ma sai ya huta a tsakiya. Ya ji an ce hasumiyar babban masallaci ginin ƙasa ce, tsayinta mita 27, an gina ta wajen 1515 aka sabunta ta a 1844, sai ya ce da shi za a yi. A ce masa, "Alhaji, matakalar fa tana ƙara matsewa can sama." Ya ce, "Haba yaro, Dala ma na hau ta." Daga ƙasa lafiya lau. Ana yin nisa sai duhu, sai warin jemagu, sai bango ya fara gaisawa da kafaɗunsa biyu. Waɗanda ke bayansa ba gaba ba baya, suna ta yi masa sannu da muryar da ba ta sannu ba. In Allah ya kai shi sama, ba ya duban fadar sarki da ke ƙasansa, balle duwatsun Abzin. Tambayarsa ɗaya: "Yanzu ta nan ɗin za mu sauka?"

Sai Ba'abzinen kwana ɗaya. Shi tun bai sha ruwan gari ba ya nufi kasuwa sayen rawani. Ya zaɓi baƙi mai walƙiya, ya biya kuɗin baƙo, aka naɗa masa, aka ja masa amawali har hanci. Tafiyarsa ta sauya nan take, ya koma takawa ɗai-ɗai, yana amsa gaisuwa da kai. Kafin la'asar naɗin ya zame ya rufe ido ɗaya, shuni ya bi gumi ya rine masa goshi da wuyan farar shaddarsa. Abin dariyar, in Bakano ne, shi ne turkuɗin nan da ya ƙetare iyaka ya saya, akasarinsa a Kura ake rina shi a buge shi, ƙofar gidansu. Kada ka gaya masa. Ba zai yafe maka ba.

Wanda ya fi gajiyar da ɗan jagora shi ne Na-sani. Ya kwana biyu yana karatu a intanet, don haka ya zo ne ya duba ko Agadas ta yi daidai da abin da ya karanta. Ɗan jagora ya buɗe baki zai ce ga gidan da Baturen nan Barth ya sauka, sai ya tare shi: "A 1850, na sani." A ce tsohon gari yana cikin wuraren tarihi na UNESCO, ya ce, "Tun 2013, ci gaba." A Dabus, gaban raƙuman dawan da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, kowa ya yi shiru yana mamaki, shi kuwa yana taku yana aunawa, wai zai tabbatar ko babbar ta haura mita 5 da gaske. Amma Allah ba ya barin irinsa. Rana ɗaya zai dage sai an kai shi inuwar bishiyar Tenere, waccan da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar rairayi. Sai direban da ya yi kwana uku yana haɗiye magana ya gyara zama, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mota ta kaɗe ta tun 1973. Gawarta tana gidan tarihi na Yamai, abin da ke wurin yanzu na ƙarfe ne." Na-sani ya yi tari, ya ce dama gwada shi yake yi. Ɗan'uwansa shi ne wanda ya iso Biyanu da kwanan watan bara a takarda, ya manta watan Musulunci kan matso da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, ya tarar an ajiye ganguna.

Mai raina sanyi labarinsa gajere ne. An ce ya ɗauki bargo za a je Iferwan a watan Disamba, ya ce, "Sahara za ni, ba Jos ba." Da tsakar dare za ka same shi a bakin wutar direbobi, naɗe da tabarmar salla, haƙora na kaɗawa, yana tambaya ko asuba ta kusa.

A Ingal kuwa, kowa sai ya hau raƙumi saboda hoto. Ba wanda ke gaya wa baƙo cewa raƙumi da ƙafafun baya yake fara miƙewa. Mutum ya zauna kan sirdi yana murmushi, ya miƙa wa wani wayarsa, sai ya ji duniya ta tuntsura gaba. Salatin da ke fita a wannan lokaci ya fi na masallacin Juma'a ikhlasi. Hoton da zai aika gida dai ba wannan ba ne, wanda aka ɗauka raƙumin na durƙushe ne.

Can gefen filin rawar Wodaaɓe za ka ga Malam mai a'uziyya. Samari sun shafa jar ƙasa ko rawaya a fuska, sun sa kwalli, sun jeru suna wulƙita idanu suna nuna farin haƙora, 'yan mata na duba wanda ya fi kyau. Malam yana girgiza kai: "Subhanallahi, maza da kwalliya!" Amma a sahun gaba yake tsaye. Rana ta take yana nan, ta faɗi yana nan. In ka saurara da kyau za ka ji yana ce wa na kusa da shi, ƙasa-ƙasa, "Ni dai dogon can na uku ya fi cancanta."

Ɗan kasuwa shi bai ga biki ba sam. Ana tseren raƙuma, mata na guɗa, shi lissafi yake: wancan fari zai yi kaza a Maigatari. A Timiya mutane na kallon ruwa yana zubowa daga dutse a tsakiyar hamada, shi yana cikin lambu yana tambayar kuɗin buhun lemo da na rumman. Ka ba shi labarin ayarin da ke tashi da kaka ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri, sai ya katse ka: "Kantu nawa raƙumi ɗaya ke ɗauka?" Matarsa Hajiya ta fi shi iya aiki. Ta zo da jerin sunayen masu tsaraba, dabinon Ingal, cuku, sarƙar azurfa. Maƙeri ya ce jika goma, ta ce, "Ɗana, ji tsoron Allah," ta miƙe, ta dawo, ta sha shayinsa har zagaye na uku, ta saya a jika shida ta kuma nemi gyara.

Baturen da ya rage shi ma abin kallo ne. Ya bar gado mai laushi ya biya kuɗi mai yawa don ya kwana kan rairayi, ya ci burodin da aka gasa cikin toka da yashi, ya ce bai taɓa cin mai daɗinsa ba. Akuya ta hau bango, hoto. Rana za ta faɗi, hawaye.

Gwanin labari duk cikinsu shi ne wanda bai wuce tashar Agadas ba. Ya kwana biyu a masauki yana jinyar ciki, ya koma gida da rawani. A majalisa shi ne ya ga Bilma, shi ne guguwa ta binne motarsu, shi ne ya nuna wa direba hanya da taurari. Dokin mai baki ya fi gudu, waɗanda suka je da gaske sai su koma 'yan sauraro.

In kana da niyya bana, ka tambayi halin tsaron hanya tukuna, kada ka fita daji ba ɗan jagora na gari da sanin hukuma. Ka ɗauki bargo ko an yi maka dariya, in kuma za ka hau hasumiya, ka tuɓe babbar rigar tun daga ƙasa.