Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Ƙura, Uwar Ɗakin Fayil

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarki, wadda na tabbata tana nan garau tun da tawa ce ke tafiya, amma ba'adu:

Ranki ya daɗe, yau shekara 11 ke nan muna zaman ofis ɗaya, ni bisa kujerar akawu, ke bisa kan kabad da fukafukan fanka da bayan kowane fayil da aka manta da shi, kuma a tsawon wannan zama, ko da yake ba a taɓa rubuta sunanki a takardar albashi ba, ban taɓa sammakon da na riga ki isowa ba. Da keken rubutunmu na da, wanda ba shi da harafi mai ƙugiya, in na buga sunanki sai ya fito Kura. A lokacin nakan ɗauka kuskuren ƙarfe ne, yanzu kuwa na gane basira ce.

Na bincika asalinki, don ba a ƙarar mutum sai an san gidansu. An ce mafi yawan danginki na hunturu daga Bodele suke tasowa, can arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi, iska kuma ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe ku, wasu ma har su ƙetare teku su sauka dajin Amazon. To, mai iya wannan doguwar tafiya, me ta gani a hancin ƙaramin akawu? Da ma a ce da damina kina sassautawa, sai ga shi laima na raya miki ƙananan ƙwari waɗanda ido ba ya gani, da fumfunar da ke cin takarda, ta yadda ba ni da rani, ba ni da damina.

Likita ya ce sunan larurar alaji, kalmar da wani likitan yara na Biyana, Pirquet, ya ƙirƙiro a 1906, kuma ma'anarta ita ce dakarun jikina suna ganinki su zaci maƙiyi ne, su saki wani sinadari mai suna histamin, shi kuwa ya kumbura hanci, ya buɗe famfon majina, ya sa ido ƙaiƙayi. Ashe rabin laifin na gida ne. Na kuma sami sanyin zuciya da na ji cewa Ar-Razi, babban tabibin nan da ya rasu wajen 925, ya taɓa wallafa risala a kan dalilin da ya sa zukamu ke kama Abu Zaidil Balkhi duk lokacin furen wardi. Sai dai shi malam ne, wardi ya kayar da shi. Ni kuwa fayil ɗin fansho.

Abin da ya fi ciwo shi ne zaman jama'a. Fuƙaha'u sun ce mai atishawa in ya gode wa Allah a yi masa addu'ar rahama har sau uku, in ya zarce haka a san mura ce. Abokan aikina sun riƙe wannan mas'ala fiye da kowace a fiƙihu, domin kafin in ajiye jaka na cinye ukuna, sauran ashirin ɗin kuwa ni kaɗai nake yinsu cikin shiru kamar maraya. A 2020, zamanin korona, atishawa ɗaya takan watsa ofis duka, har masinja, alhali na rantse musu abin ba ya yaɗuwa. Na sha Piriton, hanci ya tsaya, amma barci ya kwashe ni a tsakiyar taro, maigida ya tambaya ko gadi nake yi da dare. Sai da aka sauya mini da loratadin na dawo cikin masu ido biyu. Neman hutu kuwa ban ƙara ba, tun ranar da aka ce mini, cikin dariya, wai ba a ba namiji hutu saboda majina.

Saboda haka sulhu nake nema, ba yaƙi ba, don na san wanda ya ja da ke ƙarshensa a cikinki zai kwanta. Ki riƙe saman kabad da fayilolin shekarun baya, halak malak. Ni kuma ki bar mini teburina. Na riga na roƙi mai shara ya yayyafa ruwa kafin ya sa tsintsiya, na sayi tsumma na kaina, na ɗaura takunkumi, ina kuma wanke hanci da ruwan gishiri safe da yamma, har maƙwabci ya zaci sabon wuridi na karɓo. Turaren wutar da sakatariya ke kunnawa ba da ke ba ne, wannan wasiƙarsa daban.

Ki gafarta tabon da ke ƙasan takardar nan, lokacin da na ɗago hatimi ne kika taso daga aljihun tebur.

Haza wassalamu.

Ni ne maƙwabcinki na dole,
Akawun ɗakin fayil