Firinta Ba Ta Tuba Ba

A wajajen 1980 wata firintar Xerox a jami'ar MIT ta riƙa maƙale takarda, aka kuma hana masanin kwamfuta Richard Stallman ganin asalin rubutun manhajarta balle ya gyara. Haushin nan na cikin abin da ya haifi GNU, shirin manhaja mai 'yanci, a 1983. Wato firinta ce ta fara tsokana, kuma har yau ba ta tuba ba.

A Ubuntu, tsarin kwamfuta na zuriyar GNU, cewa aka yi ka jona firinta kawai, kwamfuta za ta nemo direbanta, wato manhajar da ke sarrafa ta, da kanta. Gane ta kam tana yi, har sunan kamfani da lambar samfuri. Sai nema ya ƙi ƙarewa, kamar yaron da aka aika sayo gishiri ya tarar ana dambe a hanya. Masu gyara su tono CUPS, tsarin da ke kula da bugu, su same shi lafiya lau, ashe adireshin ma'ajiyar direbobi ne ya sauya ba sallama.

Daga 2017 Ubuntu ta rungumi IPP Everywhere: firinta ta faɗi abin da ta iya, a sallami direba. Madalla. Sai dai sababbin firintoci ne suka iya wannan yaren, ita kuwa tsohuwar da ofis ya gada tun zamanin wancan manajan ba ranar mutuwarta.