Kauri Yake So

Da kuɗin sallamata na sayi sabuwar tifa, sai Kawu ya naɗa kansa mashawarcina. Ƙuruciyarsa duk a kan Marsandi 911 ta ƙare, kuma shi littafin mota bai dame shi ba, yatsu biyu yake sawa ya murza baƙin mai. Ranar juye ya murza 15W-40 ɗin da aka ce a zuba, ya yatsine fuska.

"Ɗana, wannan ai ruwan shayi ne. Injin da zai ja yashi kauri yake so."

Har na buɗe baki zan yi musu, sai na tuna labarin da na gani a waya. A 2025 kamfanin General Motors ya kira motoci kusan dubu 600 a Amurka saboda injinsu mai lita 6.2 yana bugawa, waɗanda suka tsallake bincike aka sauya musu mai daga 0W-20 zuwa 0W-40. To, tunda Bature da kansa ya koma wa kauri, ni a su wa? Muka tsiyaye rabi, muka cike da man giya 140. Allurar mai ta cilla sama, Kawu ya ce, "Ka ga lafiya!"

Dare ya yi mana a Jos, ga hunturu. Da asuba yaron mota ya tayar, ya danna totur wai inji ya yi ɗumi. Sai ƙwan, ƙwan, ƙwan, har masu shayi suka waiwayo.

Bakanike ya kwance ƙasan inji, ya ɗebo garin ƙarfe yana ƙyalli.

"Alhaji, ga metal ɗinka nan."

Ya ce ratar da ke tsakanin metal da kurankishaf ba ta fi kaurin gashi ba, mai ne ke kutsawa ya hana su gogar juna. Namu sanyi ya daskarar da shi, kafin ya iso ƙarfe ya ci ƙarfe. Allurar da muka yi wa murna kuwa, cunkoson man da ya rasa hanya take nunawa. Na kawo maganar Amurka, ya ce can lahanin ƙirar kurankishaf ne, kuma 0W ɗin nan cikin sanyi gudu yake.

Kawu ya gyara hula ya ce shi tun farko bai yarda da idon maƙwabcina ba, sammu ne. Sannan ya karɓi kuɗin motar komawa Kano a hannuna, har da na tsire.