Masu Gini da Turanci

Bahaushe dai ya huta. Ya gina da laka, ya gina da bulo, ya rufe da kwano. "Da" guda ɗaya ta ɗauke masa lodin duka. Sai ranar da aka ce a rubuta takardar kwangila da Turanci ake gane halin kowa.

Akwai tsohon malamin makaranta, wanda ya yi ritaya amma jan bironsa bai yi ba. Dokarsa a fili take: in kayan yana nan da kamanninsa, kamar katakon ƙofa ko dutsen katanga, "made of" za ka ce. In kuwa ya narke ya sake halitta, sai "made from": gilashi daga yashi, siminti daga dutsen farar ƙasa irin wanda ake haƙa a Obajana da Ashaka da Kalambaina. Gaskiyarsa ce kuwa. Illarsa ɗaya, ka kai shi ganin sabon gidanka don ya sa albarka, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara allon ɗan kwangila, rana na dukan kowa. Ya taɓa hana jikansa abincin dare a kan bulo, wai shin yashin da ke cikinsa ya sake kama ko bai sake ba. Har yau ba a yanke hukunci ba.

Ɗan kwangila kuwa "with" ya riƙe, da ita yake gini, da ita yake rufi, da ita yake karɓar kuɗi. In ana maganar kankare, wato haɗin siminti da yashi da tsakuwa, faɗuwa takan zo daidai da zama, domin nan ne muhallinta. Sai ya waiwayo ya dubi malam, shi a dole ya san abin da yake yi.

Ga kuma wanda ya taɓa leƙa Ingila. Shi "built in brick" yake cewa, yana ɗaga hanci. Turawan can suna faɗin haka, ba ƙarya ya yi ba, amma yaronsa har gobe yana mamakin yadda gida ke shiga cikin bulo.

Ɗalibi mai jiran WAEC canki-canka yake yi, kuma "out of" yake zaɓa saboda ta fi tsawo, wai mai gyaran takarda zai ga ƙoƙari.

Wanda nake jin tsoro shi ne mai wayo. Ba ya shiga rigimar ko kaɗan, "mud house" zai rubuta ya wuce, "block wall" ya sa hannu. Irinsu ne ke zama shugaban kwamiti.

Duk wannan muhawara birkila na zaune kan tulin yashi da cokalinsa a hannu, kwaɓi na bushewa. Da ya gaji sai ya ce, "Alhaji, Allah ya ba ka nasara, rodin nan da aka rubuta guda hamsin, talatin na ƙirga."