Mage Ma Sai Da Takarda

Alhaji, na ji ka kana cewa, "Mutane ba su samu biza ba, sai mage?" Ci gaba da dariya, amma in kana da niyyar kai magen gidanku Jamus ko Faransa, fara lissafi tun yau, don jiranta zai iya fin naka tsawo.

Da farko likitan dabbobi zai tura mata wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambobi 15. Ita ce shaidarta. Bayan nan ne za a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, kuma sai ta kai mako 12 da haihuwa. In ka yi wayo ka fara da allurar kafin na'urar, Turawa za su ce ba su san wace mage aka yi wa ba, a sake daga farko.

Hajiya, na ga kin taɓe baki: "Haukan kare kuma, a jikin mage?" Sunan ne kawai na kare. Mage ma tana ɗauka, kuma cizonta na iya kai cutar jikin mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tashi.

Shi ya sa magen da ta taso daga Najeriya ba ta tsira da allura kaɗai. Kwana 30 bayan allurar za a ɗebi jininta a kai ɗakin gwajin da Tarayyar Turai ta amince da shi, a tabbatar maganin ya kama. Sai kuma zaman jiran wata uku. Cikin kwana goma kafin isa, likitan gwamnati ya rubuta takardar lafiya. Ingila kuwa ko a kan cinya ba a shigar da ita, sai ta ɓangaren kayan jirgi, kuma in takarda ta gaza, a killace ta har wata huɗu, kai ka biya.

Kada ka ce min taka kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaguwa. Jami'in filin jirgi bai san halinta ba, takarda yake karantawa. Ba don shagwaɓa mage aka kafa dokar ba, don yaron da zai shafa bayanta a can ne.

Kai da ka miƙa hannu aka yi maka allurar sanƙarau kafin tafiya Hajji ba ka ce uffan ba, me ya sa ta mage ta zama abin gardama? In wahalar ta yi maka yawa, bar ta gida. Ɓerayen rumbunka ne kaɗai za su yi baƙin ciki.